Yadda Ake Renon Murjanin Zowa a Tankin Gida Har Ya Yaɗu

Wanda ya sayi zowa mai kawuna biyar, aka kwashe wata uku tana nan a biyar ɗin, ko ma ta koma uku, fitila yake fara zargi. Sai ya ƙara haske, ya ɗaga murjanin sama, gobe ya sauke shi ƙasa, jibi ya sayo wani ruwan magani ya zuba. A mafi yawan lokuta ba laifin fitila ba ne. Ko dai ruwan tankin ba ya tsayawa a hali ɗaya, ko an tace shi har babu abin da murjanin zai ci, ko akwai ƙwaron da ke cinsa da dare, ko kuwa hannun mai tankin ne ya hana shi sakat. Zowa na cikin murjanin da suka fi sauƙin reno, amma tana son a ba ta wuri ɗaya, ruwa iri ɗaya, a ƙyale ta.

Zowa shi ne gajeren sunan da masu tankin ruwan gishiri suke kiran dangin zowantid da shi. Dabbobi ne, ba tsirrai ba, 'yan uwan animoni, wata dabbar teku mai kama da fure, kuma ba sa gina ƙashin dutse irin na murjani mai tauri. Kowane kai ɗan faifai ne zagaye da baki a tsakiya, da geza jeri biyu a gefe. Kawunan suna haɗe ta ƙasa da wata shimfiɗar nama da ke manne da dutse, daga jikinta sababbin kawuna suke tsirowa, tana yaɗo kamar yadda dankalin Hausa yake cinye kunya. A cikin naman akwai ƙananan ƙwayoyin gansakuka da ake kira zuzanteli, su ne suke amfani da haske su haɗa sukari su ciyar da dabbar. Jinsi biyu za ka fi gani a kasuwa: Zoanthus, masu ƙananan kawuna da launi mai ɗaukar ido, da Palythoa, masu manyan kawuna, waɗanda suke cusa yashi cikin namansu har jikinsu ya yi kaushi.

Kafin komai, maganar guba

Ba zan ajiye wannan sai ƙarshe ba, domin rai ake magana. Wasu daga cikin dangin nan, musamman Palythoa, suna ɗauke da wata guba mai suna falitoksin, wadda take cikin mafi ƙarfin gubar da aka sani a halittu. Richard Moore da Paul Scheuer na Jami'ar Hawaii ne suka fara ware ta a 1971, daga wani murjani da ke wani ɗan kududdufi a bakin teku kusa da Hana, a tsibirin Maui, inda mutanen dā suke shafa shi a tsinin mashi. Gubar tana lalata hanyar da ƙwayoyin jiki suke musayar sodiyam da fotasiyam, shi ya sa take taɓa tsoka da huhu da zuciya. A 2015 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoto kan mutanen da suka kwanta rashin lafiya a Alaska bayan sun shaƙi gubar a gidaje da shagunan kifi. Ba a gane mai guba da marar guba da ido, don haka ka ɗauki kowace zowa a matsayin mai guba.

Duk lokacin da za ka fitar da ita daga ruwa, sa safar hannu ta roba, da gilashin kare ido, da takunkumi, domin idan aka matsa kai yakan fesa ruwa, kuma ido yake samu. Mai rauni a hannu kada ya sa shi a tanki. Kada ka taɓa tafasa dutsen da zowa ta zauna a kai, kada ka zuba masa ruwan zafi, kada ka kankare shi a bushe ko da burushin ƙarfe, domin turirin da ƙurar su ne suka fi kwantar da gida guda. Dutsen da kake son kashe abin da ke kansa, fitar da shi tsakar gida, ka nutsa shi cikin haipo (bilicin wanki) kashi ɗaya da ruwa kashi tara, aƙalla minti 30. Idan bayan aikin tanki wani a gidan ya ji ɗaci irin na ƙarfe a baki, ko zazzaɓi, tari, numfashi sama-sama, ciwon tsoka ko zafin ido, a tafi asibiti nan take, a gaya wa likita an taɓa murjanin teku mai falitoksin. Babu maganin da ke karya ta, taimakon numfashi da kulawa ake bayarwa, saboda haka saurin zuwa yana da muhimmanci. Gidan da ke da yara ƙanana ko kyanwa, a yi wa tankin murfi.

Mataki na 1: tanki da ruwa

Tanki mai lita 60 zuwa 100 ya isa mai farawa. Ƙarami ya fi arha, amma ruwa kaɗan yana saurin zafi, yana saurin canza gishiri, kuskure kaɗan sai ya zama babba. Ajiye shi nesa da taga, nesa da kicin, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan.

Ruwan famfo ko na rijiyar burtsatse bai dace ba, ko da kuwa yana da daɗin sha. Yana iya ɗauke da kulorin, da tagulla, da silika, da fosfet, waɗanda ko su kashe murjani ko su cika tankin da gansakuka. Ana bukatar matatar RO/DI, mai cire sinadaran da suka narke a ruwa, da ɗan ma'aunin TDS, mai nuna yawan abin da ya narke a ruwan, kuma ruwan da ya fito daga matatar ya nuna sifiri. Gishirin ma ba na miya ba ne. Gishirin tankin murjani ake saya, wanda aka haɗa da kalsiyam da magniziyam da sauran sinadaran ruwan teku. Zuba ruwa a bokiti mai tsabta wanda sabulu bai taɓa shiga ba, sannan ka zuba gishiri a kan ruwan, kimanin giram 35 zuwa 38 a kowace lita, ka sa ƙaramin famfo ya juya shi ya kwana. Da safe ka auna da rifiraktomita, wato ma'aunin yawan gishiri a ruwa. Abin da ake nema shi ne 1.025 zuwa 1.026, wato kashi 35 cikin dubu. Rifiraktomitar kanta a riƙa saita ta da ruwan gwaji na 35, domin tana kaucewa a hankali ba tare da ka lura ba.

Ruwa yana tashi ya bar gishiri a baya. Saboda haka abin da ya ƙafe, da ruwan RO/DI zalla ake cike shi, ba da ruwan gishiri ba. Yi alama a jikin gilashi ka riƙa cikawa kullum, ko ka sa na'urar da ke cikawa da kanta. Wanda ya bar ruwa ya sauka kwana huɗu sannan ya juye bokiti guda, ya girgiza murjaninsa sau biyu, da hawan gishirin da saukarsa.

Mataki na 2: bar tankin ya nuna

Jera duwatsu, zuba yashin aragonait kamar santimita biyu zuwa uku, cika da ruwa, kunna famfo. Sai a zuba ƙwayoyin bakteriya na kwalba da ɗan amoniya har ma'auni ya nuna kusan 2 ppm, wato kashi biyu cikin miliyan. Bakteriyar za su mayar da amoniya naitirait, wasu su mayar da naitirait naitiret. Ranar da ka zuba amoniya, bayan awa 24 ka ga ita da naitirait duk sifiri, an gama wannan zagaye. Yakan ɗauki mako huɗu zuwa takwas.

Bayan nan duwatsun za su yi ruwan ƙasa, daga baya su yi kore, tankin ya yi muni. Haka kowane sabon tanki yake yi. Sa dodon koɗi masu cin gansakuka irin Trochus guda huɗu ko biyar, da ƙananan kifi biyu, misali kifin kilawun (clownfish) irin Amphiprion ocellaris. Kifin ba ado kaɗai ba ne, kashinsu shi ne takin zowa. A ganina, a jira tankin ya kai wata biyu zuwa uku kafin a sa murjanin farko. Zowa tana iya rayuwa a tankin wata ɗaya, amma gansakukar sabon tanki tana bin tsakanin kawuna ta hana su buɗewa, kuma kan da ba ya buɗewa ba ya haihuwa. A guji kifin anjel da na batafilai, da yawansu suna tsattsagar zowa.

Mataki na 3: zafi da wutar lantarki

Nan ne mai tanki a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ya bambanta da na Jamus. Murjani yana son digiri 24 zuwa 26. Yana jure 27, yana jure 28 na ɗan lokaci, amma idan ruwa ya zauna a 30 kwana da kwanaki, sai ya fara zubar da zuzantelinsa ya yi fari, daga nan ya narke. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin waje yake haura 40, ɗakin da babu iyakwandishan zai kai tankin wannan matsayi cikin yini ɗaya. Kada ka sayi murjani ko guda sai ka warware wannan.

Hanya mafi arha ita ce fanka ƙarama da ke hura saman ruwa. A busasshiyar iskar bazara tana iya sauke digiri biyu zuwa uku, sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa da yawa, dole cikawa ta ƙaru. Da damina ta sauka iska ta yi laima, fanka ba ta yin aiki sosai. Hanya mai tabbas ita ce na'urar sanyaya ruwa ko iyakwandishan a ɗakin. Ka kuma mayar da lokacin kunna fitila zuwa yamma da dare, don zafinta kada ya haɗu da na rana. Da hunturu kuma abin ya juya, daren Disamba da Janairu yana iya sauke tankin ƙasa da 22, don haka hita mai saita kanta a 25 wajibi ce. Ƙurar hunturu ma dalili ce ta sa murfin raga.

Idan aka ɗauke wuta, ba haske ne abin damuwa ba. Zowa tana kwana biyu ko uku a duhu lafiya lau. Ruwan da ya tsaya cak shi ne yake kisa, domin iskar oksijin tana ƙarewa cikin 'yan awanni, kuma ruwa mai ɗumi ya fi saurin rasa ta. Haɗa famfon igiyar ruwa, wato mai motsa ruwan cikin tanki, da inbata ko batirin sola, irin famfon da bai fi wat 5 zuwa 10 yake ja ba, ka kuma ajiye famfon iska mai batir a kusa. Hayaƙin janareta kada ya shigo ɗakin. Maganin sauro na feshi da na kunnawa kuwa, a haramta su a ɗakin tanki gaba ɗaya, feshi ɗaya yana iya gamawa da jatan lande da dodon koɗi da kifi. Haka man shafawa da turare da sabulu, a wanke hannu da ruwa zalla har gwiwar hannu kafin a sa shi a tanki.

Mataki na 4: zaɓen abin saya

'Yan kasuwa sun laƙaba wa launuka sunaye, kuma da sunayen ake ciniki: Eagle Eye, Radioactive Dragon Eye, Fire and Ice, Bam Bam, Rasta, Utter Chaos, Sunny D. Fara da masu arha irin ukun farko. Arharsu daga saurin yaɗuwarsu ta fito. Masu tsadar da ake sayarwa kai ɗaya-ɗaya yawanci sun yi tsada ne saboda jinkirin haihuwa da saurin mutuwa.

Nemi yanki mai kawuna biyar zuwa goma, wanda aka rena a tanki ba wanda aka ɓamɓaro daga teku jiya ba. Duba gindinsa. Idan shimfiɗar naman ta sauko ta kama ɗan faifan da aka manna ta a kai, ga kuma ƙananan kawuna a gefe, to ya warke, yana girma. Idan gam ne fari fat a ƙarƙashi, yankan kwanan nan ne, bar shi ya ƙara mako biyu a wurin mai shi. Wanda za a aiko maka daga nesa, a sa shi a akwatin kumfa mai riƙe sanyi, a kuma tsara tafiyar ta yadda ba zai wuce kwana ɗaya a hanya ba.

Mataki na 5: wankan shiga

Wannan matakin mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi jawo kuka daga baya. Ajiye ledar da murjanin ya zo a ciki a saman ruwan tanki minti 15 zuwa 20 zafinsu ya daidaita. Ɗebi ruwan tanki a roba biyu. A ta farko ka zuba maganin wankan murjani, irin Coral Rx ko Revive, daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar, ka sa yankin na minti biyar zuwa goma, kana feso masa ruwa da sirinji marar allura. Yi amfani da farar roba, za ka ga abin da yake faɗowa. Ɗauraye shi a roba ta biyu. Ruwan ledar da na wankan duk a zubar, kada ɗigo ya shiga tanki.

Yanzu ɗauko gilashin ƙara girma da tocila. Kawunan sun rufe, sun zama 'yan dunƙule, wuyansu a fili. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da kake nema wani ɗan farin zare ne da ya naɗe kansa zagaye, bai fi milimita biyu ko uku ba, manne a wuyan kai. Ƙwan nudibirank ne, wani dodon koɗi marar ɓawo mai geza a baya, wanda zowa kaɗai yake ci, har ya ɗauki launinta ta yadda yana zaune a kanta ba ka ganinsa. Maganin wanka yana kashe uwar, ba ya kashe ƙwan, sai an kankare shi da tsinken sakace ko hantsaki. Duba kuma wani dodon koɗi mai ɓawo zagaye da zanen baƙi da fari, Heliacus, wanda yake tsotse kawuna, da wasu siraran gizo-gizon teku masu ɓuya a gindin shimfiɗa. Mai hali ya ajiye sabon yanki a ƙaramin tanki na daban na wata guda, yana maimaita wankan duk bayan kwana huɗu ko biyar.

Mataki na 6: haske da motsin ruwa

Zowa tana son haske matsakaici. Ga mai ma'aunin PAR, wato ma'aunin ƙarfin hasken da ke isa ga murjani, 75 zuwa 150 ya wadatar da yawancinsu. Fitilar LED ta tankin murjani, wadda shuɗi ya fi yawa a cikinta, awa takwas zuwa goma a rana, a kan taima don lokacin ya zama ɗaya kullum. Sabon yanki a fara ajiye shi a ƙasa, kan yashi ko gindin dutse, ya yi mako biyu. Daga nan sai ka karanta jikinsa. Idan wuya ya yi tsawo, kawunan suna miƙewa sama, launi yana komawa ruwan ƙasa, haske ya yi kaɗan, ɗaga shi santimita biyar. Idan kawunan sun ƙanƙance, sun lafe da dutse, launi ya koɗe, ko suna rufewa da tsakar lokacin fitila, ya yi yawa, sauke shi. Haske kaɗan yana rage girma ne kawai, haske mai yawa kwatsam yana kisa, saboda haka kuskuren da ya karkata ƙasa ya fi sauƙi. Ƙarin ƙarfin fitila kada ya wuce kashi biyar cikin ɗari a mako.

Motsin ruwa kuwa, a nemi famfon da zai juya ruwan tankin kamar sau 20 a awa, wato tanki mai lita 80 yana son kusan lita 1,600 a awa. Kada a saita shi kai tsaye kan murjani. Buga shi a gilashi ko saman ruwa ya dawo a warwatse. Gezar ta riƙa kaɗawa a hankali, faifan kuma ya zauna a buɗe. Idan faifan yana naɗewa gefe ɗaya, ruwan ya yi ƙarfi. Idan datti yana taruwa tsakanin kawuna, ya yi rauni.

Da ka sami wurin da zowar ta buɗe sosai, manna ta. Yanke ƙafar ɗan faifan da aka sayar maka da ita a kai, shafa supa gulu mai kauri a ƙarƙashi, danna a dutse na daƙiƙa 30. Yankin da dodon koɗi ke turewa kullum ba ya yaɗo. Ka kuma ba ta dutse mai faɗi da za ta bi, kuma a bar tazara tsakaninta da murjani masu harbi. Ni na fi son kowane launi a ɗan dutsensa daban, domin mai saurin girma yana danne mai jinkiri, kuma dutsen da ke tsibiri a yashi ana iya ɗaga shi a yi masa wanka.

Mataki na 7: ruwan kada ya yi tsabtar da ta wuce kima

A nan ne yawancin zowar da ta ƙi girma take maƙale. An saba jin cewa naitiret da fosfet datti ne, sai mutum ya sa na'urar kumfa mai ƙarfi, wadda ke fitar da dattin ruwa cikin kumfa, ya sa maganin tsotse fosfet, ya rage wa kifi abinci, har ma'auni ya nuna sifiri da sifiri, yana murna. Zuzantelin da ke cikin murjanin kuwa da waɗannan sinadarai suke rayuwa. Sai kawunan su ƙanƙance, launi ya dushe, haihuwa ta tsaya. Ruwan da ya kai sifiri kuma shi ne yake gayyato dainofilajelet, wata majinar ruwan ƙasa mai kumfa a jiki, wadda korarta ta fi ta kowace gansakuka wuya.

Abin da ake so shi ne naitiret 5 zuwa 15 ppm, fosfet 0.03 zuwa 0.1 ppm. Idan sun yi ƙasa, ƙara wa kifi abinci, kashe na'urar kumfa rabin yini, cire maganin fosfet. Idan sun haura sosai, ƙara canjin ruwa, amma a sauke su sannu a hankali cikin makonni.

Sauran ma'aunai: alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana tsami tasiri, 8 zuwa 9 a awonsa na dKH, kalsiyam 400 zuwa 450 ppm, magniziyam 1,250 zuwa 1,350 ppm. Tun da zowa ba ta gina ƙashi, ba ta shan waɗannan da yawa, canjin ruwa kashi goma cikin ɗari a mako yana riƙe su. Alkalinitin da ya zauna a 7.5 wata da watanni ya fi wanda ke yawo tsakanin 7 da 10. Auna gishiri da zafi kullum, sauran sau ɗaya a mako, ka rubuta a littafi. Duk abin da ba ka da ma'auninsa, kada ka zuba shi a tanki, har da aidin da ake yawan cewa zowa tana so. Tagulla kuwa guba ce ga murjani, ko a maganin kifi ko a kan famfon ƙarfe. Ɗan gawayin tace ruwa a cikin jaka, ana canza shi duk wata, yana kwashe gubar da murjanai ke saki.

Ciyarwa kai tsaye tana taimakawa, musamman ga Palythoa da ke kama abinci da kyau. Sau ɗaya ko biyu a mako, dama ɗan garin abincin murjani irin Reef-Roids, kan ƙaramin cokali, a ruwan tanki. Kashe famfo, fesa a hankali bisa kawunan da sirinji. Za ka ga gezar ta lanƙwaso ciki, faifan ya tattare ya rufe kan abincin. Bayan minti 15 kunna famfo. Garin nan yana ɗaga fosfet da sauri, don haka a riƙa aunawa.

Idan ta rufe ta ƙi buɗewa

Sabon yanki yana iya yin kwana uku har mako a rufe. Tsohon ma yakan rufe yini ɗaya ko biyu ya zubar da wata siririyar fata. Wannan ba ciwo ba ne. Idan ya wuce haka, bi a jere: auna gishiri, zafi da alkaliniti. Feso wa kawunan ruwa ka kore datti. Da dare, awa biyu bayan an kashe fitila, haska da tocila, lokacin ne masu ci suke fitowa. Duba ko akwai zaren majina irin na saƙar gizo da ke fitowa daga wani ɗan bututu mai tauri a dutse, dodon koɗin bamitid ne, karya bututun ka toshe da gam. Ƙananan taurarin ruwa na Asterina da ka gani zaune kan wuyan kai, cire su. Gansakuka mai gashi a tsige ta da hantsaki, a goge wuyan da burushin haƙori mai laushi a cikin roba, ba a cikin tanki ba.

Akwai kuma ciwon da ke fito da ƙananan ƙuraje farare ko rawaya a wuya. Masu reno sun daɗe suna maganinsa da wankan naitirofurazon a roba ta daban, kwana uku a jere. Yankin da ya fara narkewa, yana sakin ruwan ƙasa, a fitar da shi nan da nan, a yanke ɓangaren da ya lalace har a shiga mai lafiya, a yi wa ragowar wankan aidin. Duk gyaran da za ka yi, yi ɗaya ka jira mako biyu. Wanda ya canza haske da wuri da gishiri a rana ɗaya ba zai san wanne ya yi aiki ba, wanne ya ƙara ɓarna.

Mataki na 8: yanka don a yawaita

Alamar nasara ta farko ita ce ɗan kumburi a bakin shimfiɗar, ƙasa da ƙwayar gero, wanda cikin kwanaki yake buɗe ɗan baki da geza. Masu sauri suna iya ba da sabon kai duk mako ɗaya ko biyu, masu jinkiri ɗaya a wata. Da kawunan sun yi yawa girman yana ninkuwa, domin kowane gefe yana haihuwa.

Kada a yanka sai sun kai kawuna 20 zuwa 30. Hanya mafi sauƙi ba ta bukatar wuƙa sosai: jera ƙananan duwatsu a gefen gungun, shimfiɗar ta hau kansu, sannan ka yanke mahaɗar da reza ka ɗauke dutsen da kawunansa. Idan daga dutse za ka ɓamɓare, sa gilashi da takunkumi da safa, buɗe taga, yanka shimfiɗar tsakanin kawuna, kada ka yanka kan kansa. Zura reza ƙarƙashi ta ɗauko har da ɗan ɓawon dutsen, don gam ya kama dutse ba nama ba. Kawuna uku zuwa biyar a yanki. Ɗiga gam a busasshen faifai, ɗora, kada gam ya taɓa baki ko geza. Ɗauraye a roba, mayar da shi ƙasan tanki inda haske ya yi laushi kuma ruwa yana motsi, sa sabon gawayi. Rezar da safar a ƙulle su a leda a zubar, teburin a goge da haipo, hannu a wanke da sabulu. Cikin mako biyu zuwa uku naman zai sauko ya rufe gam ɗin, sannan yankin ya isa a ɗaga shi zuwa hasken da uwarsa take ciki, ko a kai wa wani mai tanki.